Ɓarawon Ruwan Lagireto

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, da na tsaya a tsakiyar Tudun Wada, gaban masallacin unguwa, na tsine wa mutum tun daga kakanninsa alhali ban san wa nake tsine wa ba. Yanzu na tsufa, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma wannan kam ko ina cikin cin tuwo ya faɗo mini sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Zariya, amma mota tana da wuyar gani, in ta wuce mata kan ajiye taɓarya su leƙo ta kan katanga. Ni kuwa saurayi ne, na koyi tuƙi a wani kamfanin auduga. Da kamfanin ya gaji da wata tsohuwar lori, sai Madugu Tanimu ya saye ta. Tsohon bafatake ne da ƙafafunsa suka gaji da bin jakuna. Shi ya ɗauke ni direba, ina zuwa Giwa da ƙauyukan da ke kewaye in ɗauko auduga in kawo wurin gurza.

Motar nan ta ga duniya. Ba ta da ƙofa a ɓangaren direba, kujerarta katako ne da na shimfiɗa wa buzu, kuma ba ta tashi da safe sai na juya mata hannu har gumi ya keto mini. Amma a idona babu kamarta. Ni kaina a lokacin babu kamata (ko masallacin Juma'a da sifana nake zuwa a aljihun riga, in bari kanta ya ɗan leƙo don a gani). In na yi magana a kan inji, dattawa shiru suke yi, domin babu mai iya musa mini.

An kuma sa mini rana da Rabi. Mahaifinta ba zan faɗi sunansa ba, suruki ne, mu ce masa Baba kawai. Maɗinkin manyan riguna ne, aikin allura yake yi a zaurensa tun hantsi har rana ta yi sanyi. Mutum ne mai farin gemu, mai ƙarancin magana, wanda in ya ɗaga ido ya dube ka sai ka gyara zama. A ƙofar gidansa akwai fili da bishiyar ɗorawa, masallaci kuma na kallon gidan. A nan nake ajiye motar kullum ta kwana. Na ce wa Madugu saboda inuwa ne. (Inuwar me mota za ta yi da ita bayan faɗuwar rana? So nake Rabi ta riƙa jin ƙarar isowata.)

Al'adata ita ce in na sauke kaya da yamma, kafin in haye Tudun Wada, sai in tsaya a rafin Kubanni in bar inji yana aiki a hankali, in cika lagireto da ruwa, wato tukunyar nan ta gaban mota da ke sanyaya inji. Da safe ba na sake dubawa, juya hannu kawai nake yi in kama hanya.

Wata safiya, mun wuce Hanwa kaɗan, bayan motar cike da 'yan kasuwa, sai na ji wani wari kamar an bar tukunya a kan murhu ba ruwa. Kafin in yi tunani, tururi ya turnuƙe daga gaba, inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana saƙa. Na taka burki. Fasinjojina ba su jira bayani ba, kowa ya dira ya nufi gona. Wata tsohuwa ta bar kajinta a ɗaure tana salati tana cewa dama an gaya mata wuta ce a cikin abin nan.

Ni kuwa na sauko da taƙama, na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Na naɗe hannun riga, na kama murfin lagireto na murɗe. Abin da ya rage na ruwan ya yi tsiri sama, ya tafi da hulata. Allah ya tsare fuskata, amma na yi zaman dirshan a tsakiyar hanya a gaban jama'a. Da abin ya huce na leƙa ciki, wayam. Lagireton da na cika da hannuna jiya da yamma.

Da labari ya kai wa Madugu, bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Yaro, duk abin da na tara a hanyar Gwanja yana cikin ƙarfen nan. In ka ƙona mini inji, ni zan koma gida in zauna, kai kuma jakuna na nan."

Na san ba wasa yake ba. Kuma na san Baba ba direban jaki ya yi wa alkawarin 'yarsa ba.

Daga ranar na shiga bincike. Na fara duba ruwa kowace safiya, kuma kowace safiya sai in tarar ya ragu sosai, wani lokacin har ba na hango shi. Na kwanta a ƙarƙashin motar ina neman inda yake ɗiga, ƙasa a bushe take. Na bi tiyo na sama da na ƙasa ina matsawa da hannu, babu tsaga. Na ɗaure bakinsu da waya duk da haka. Na duba bel ɗin fanka ko ya saki, yana nan daram. Na shafa jikin lagireton da tafin hannu tun daga sama har ƙasa ko zan ji laima, ban ji ba. Na zaro ma'aunin baƙin mai in ga ko ruwa ya shiga ya mai da shi kamar kunu, man baƙi ƙirin yadda ya kamata. Na tayar da inji na je na tsuguna a bakin salansa ina jiran farin hayaƙi, babu abin da na samu sai tari.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk ranar da hanya ta riƙe ni na kwana a Giwa, da safe ruwan nan cike nake samunsa. Sai a Tudun Wada yake ɓacewa. Mai hankali da ya tsaya a nan ya yi tunani. Ni sai na fara zargin iskokin ɗorawar.

Da na rasa yadda zan yi, na tafi Sabon Gari wurin Malam Bulus. Kirista ne, mutumin Zariya, ya koyi aikin inji a wurin masu jirgin ƙasa, kuma shi kaɗai nake yarda ya fi ni sani, shi ma a ɓoye. Ya saurare ni har na gama, ya zagaya motar, ya duba duk abin da na duba.

"Ƙasa a bushe, mai lafiya lau, salansa ba tururi," in ji shi. "Ka tabbata babu mai taɓa motar nan in ka tafi gida?"

Na ji haushi. Na ce, "Malam Bulus, a ƙofar gidan surukina take kwana. Ko akuya ba ta isa ta raɓe ta ba."

"To shi ke nan. Wataƙila 'yar ƙaramar huda ce da ke buɗewa in ƙarfe yana hucewa, ruwan ya bushe kafin ya kai ƙasa. Ka sami masoro daƙaƙƙe, ɗan kaɗan a tafin hannu, ka zuba a ciki. Yakan bi ruwa ya toshe hudar. In bai yi ba, ka kawo mu sauke lagireton mu yi masa dalma."

Na yi godiya na tafi. A hanya na yi nawa lissafin. In masoro, wanda yajinsa bai taka kara ya karya ba, zai toshe huda, ina ga barkono? Kuma in ɗan kaɗan zai yi aiki, ai mai yawa sai ya fi. (Irin wannan tunanin ne ya sa har yau matata ba ta bari in sa wa miya gishiri.) Washegari da sassafe na sayi daƙaƙƙen barkono tsidugu, irin wanda ko warinsa ke sa atishawa, na cika ƙoƙo, na juye shi duka a lagireto. Motar ta wuni tana dafa shi daga Zariya zuwa Giwa da dawowa.

Da yamma na ajiye ta a ƙarƙashin ɗorawa kamar kullum, na kama hanyar gida. Na yi nisa sai na tuna na bar ƙullin goron da na sayo wa Baba a ƙarƙashin buzu. Na juyo. Rana ta kusa faɗuwa, mutane sun fara taruwa a ƙofar masallaci suna jiran magariba.

Ina isowa na ga abin da na yi makonni ina nema: laima a ƙasa, daidai ƙarƙashin lagireto. Na durƙusa. Akwai wani ɗan famfo a gindinsa da ake buɗewa in za a zubar da tsohon ruwa. Bakinsa a jiƙe yake, kuma a cikin ƙasa ga shatin gindin buta, zagaye sak. Daga nan kuma ɗigon jan ruwa ya yi layi ya tafi.

Ashe ba huda ba ce, ba iska ba ce. Mutum ne ke zuwa da butarsa yana tatsar motata kamar saniya.

Na miƙe na fuskanci masallaci. Da ma muryata ba ƙarama ba ce, mai magana a kan ƙarar inji ya saba ɗaga murya.

"Jama'a ku zo ku gani," na ce. "Akwai ɓarawo a unguwar nan."

Mutane suka taso. Liman ya ce, "Malam direba, lafiya? Me aka sace?"

"Ruwa aka sace, Allah gafarta malam. Ruwan inji. Saura kaɗan in ƙona dukiyar Madugu, saura kaɗan fuskata ta saɓule a Hanwa, duk saboda wani marar tsoron Allah." Da na ga ana saurare, sai baki ya ƙara buɗewa. Na ce wanda ya yi wannan ɓarawo ne ɗan ɓarayi, a nono ya sha. Na ce ko gemunsa ya kai cibiya sai na ja shi da shi har gaban alƙali. Na ce gidan da ya fito ba gidan mutunci ba ne, kuma duk wanda ya haɗa zuri'a da su ya shiga uku. Sannan na rufe da abin da ya fi kowanne: "Yau kuwa ya gamu da gamonsa, domin barkono na cika ta da shi. Allah ya sa da shi ya wanke ido."

Wani ya yi dariya, wani ya ce a bi sawu. Na shige gaba ina nuna ɗigon da sifana, jama'a na biye da ni. Ban ɗaga kai ba, idona na ƙasa, ina ta surfa masifa. Ɗigon bai yi nisa ba. Ya zagaya ɗorawa, ya bi gefen katanga, ya shiga wani zaure. Sai da na sa ƙafa a dokin ƙofar na lura da tabarmar da ke shimfiɗe, da rigar da aka bar allura a jikinta. Na san tabarmar. A kanta nake durƙusawa in yi gaisuwa.

A lungun zauren, inda ake alwala, Baba na tsugune. Hularsa a ƙasa, buta ta kife a gefensa. Idanunsa a rufe, sun kumbura sun yi jawur, hawaye na bin gemunsa. Ya kurkure baki da ruwan, ya shaƙa a hanci, ya wanke fuska, a nan alwalar ta tsaya. Yana so ya yi atishawa yana dannewa, domin tun daga filin yake jin muryata, kuma bai so a san yana ciki ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na ji sifana ta faɗi daga hannuna. Bakina a buɗe yake, amma duk maganar da ke cikinsa na riga na zubar da ita a waje.

Baba ne ya fara magana, idonsa a rufe, muryarsa a shaƙe.

"Malam direba ne?"

Na durƙusa. Na ce, "Ni ne, Baba."

"To ga gemun. Sai dai ka yi mini jagora zuwa wurin alƙalin, don ba na gani."

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na fara cewa, "Baba, wallahi ban san..." sai atishawar da yake dannewa ta ƙwace masa, ta biyu ta biyo, ta uku ta biyo. Liman ya ture ni gefe yana cewa a kawo madara da ruwan sanyi. Daga cikin gida na ji muryar Inna, mahaifiyar Rabi, tana tambaya a bayan asabari, "Wai wane ne yake ta zagin gidan mutane a waje?"

Abin ya wuce dariya a lokacin. Idon Baba shi ne abincin gidansa. Mai zare allura a bakin wuyan riga in ya rasa gani, ya rasa komai. Na tsaya ina kallo ana zuba masa madara a ido, ina lissafin abin da na yi: na makantar da surukina, na zagi kakanninsa, na kuma yi wa duk mai auren 'yarsa mugun baki, wato ni kaina.

Da zafin ya ɗan lafa, Liman ya tambaye shi a hankali yadda aka yi. Baba ya ce yatsunsa ne ke ciwo in yamma ta yi, ruwan sanyi kuma na ƙara musu. Wata rana, tun farkon zuwan motar, ya hango ni daga zaure na buɗe ɗan famfon nan na zubar da ruwan zafi a ƙasa. Sai ya ɗauka ruwan da ya gama aikinsa ne, zubarwa ake yi kullum. Ya ga bai kamata ruwan ɗumi ya tafi a banza ba, ga mai bukata. Tun daga nan, in na tafi gida, yakan cika buta ya yi alwala, ya cika ƙwarya ya jiƙa hannuwansa, wani lokacin ya aika wa Inna da saura. Ruwan da ma ja-ja yake fitowa saboda tsatsa, shi ya sa yau bai ga bambanci ba.

Liman ya ce, "Ai da ka tambaye shi."

Baba ya ce, "In roƙi yaron da zai auri 'yata ruwa?"

Sallar magariba ranar a makare aka yi ta. Ni a sahun ƙarshe na tsaya, can ƙurya, ina idarwa na sulale. (Na ji daga baya cewa malaman unguwa sun yi kwanaki suna gardama a kan ko alwala da ruwan mota ta inganta. Ba a kira ni shaida ba, na kuma gode Allah.)

Kwanakin da suka biyo baya ban iya bi ta ƙofar gidan ba. Motar a gidan Madugu na riƙa ajiye ta, kuma ruwa bai sake raguwa ko ɗigo ba. Sai dai na sha wahalar wanke lagireton, domin duk lokacin da inji ya yi zafi fasinja sai su kama tari. Madugu da ya ji labari ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ɗaure fuska ya ce in shirya, shi da kawuna za su raka ni ban haƙuri.

Muka je da goro. Na tarar da Baba a kan tabarmarsa, idanun sun sace, saura ɗan ja, allura kuma na hannunsa. Ganin allurar nan ya fi mini komai daɗi a duniya. Kawuna ya yi dogon jawabi, Madugu ya ƙara nasa, ni kuwa goshina na ƙasa.

Baba ya bari suka gama, ya ce, "Ni na taɓa kayan da ba nawa ba, ban tambaya ba. Yaro kuma amanar dukiyar mutane yake tsarewa. Wanda ya yi wannan haukan a kan ruwan Madugu, ina zaton zai kula da 'yata." Ya ɗaga zare yana neman kafar allura. "Sai dai a gaya masa, kakannina malamai ne. Ba su taɓa ganin mota ba balle su sace mata ruwa."

Aka yi biki a ranar da aka sa. Motar ta koma kwana a ƙarƙashin ɗorawa, kuma kowace yamma ni da kaina nake tara buta a ɗan famfon, in ajiye a bakin zaure ba tare da mun haɗa ido ba, in ɗebo garwa a rijiya in mayar mata da abin da na ɗiba. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da shi, har ya bar duniya. Unguwa ce ba ta bari ba. Na yi shekaru ina tuƙi, na je Kano, na je Gusau, amma a Tudun Wada babu mai kirana direba. Mai Barkono ake ce mini, har 'ya'yana ana ce musu 'ya'yan gidan Mai Barkono. Rabi kuwa, duk ranar da na ɗaga murya a gida, sai ta tashi ta ɗauko buta ta ajiye a gabana.

Samarin direbobi kan zo su tambaye ni abin da za su yi in mota na shan ruwa tana zafi. Nakan ce su duba tiyo, su duba bel, su duba mai, su duba hayaƙi. In duk lafiya, to su bi sawun ɗigon su kaɗai, baki a rufe, har sai sun ga zauren da ya shiga. Zagi ba ya lalacewa don an ajiye shi zuwa gobe, amma in ka riga ka rabar da shi a gaban masallaci, babu famfon da za ka murɗa ya koma ciki.